Idon Baƙo A Hanyar Yauri: Sharhi A Kan Littafin Tafiyar Richard Da John Lander

A shekarar 1832 kamfanin ɗab'i na John Murray da ke birnin Landan ya fitar da wani littafi mai juzu'i uku, sunansa Journal of an Expedition to Explore the Course and Termination of the Niger. Wa da ƙane ne suka rubuta shi, wato Richard Lander da John Lander, mutanen garin Truro a yankin Cornwall na ƙasar Ingila. Labarin tafiyar da suka yi ne a 1830, wadda suka faro daga Badagiri a bakin teku, suka keto ƙasar Yarbawa da ta Bargu, suka iso Busa, suka haura har Birnin Yauri, sa'an nan suka juyo suka bi kogin Kwara cikin kwale-kwale har inda ya faɗa teku. Turawa suna tunawa da littafin ne saboda ƙarshensa, domin shi ya kashe musu gardamar da suka daɗe suna yi a kan inda kogin yake ƙarewa. Wannan gardama tasu ce, don kuwa Sarkawa da Nufawa ba su taɓa ɓatar da kogin ba balle su shiga nemansa. Abin da ya shafe mu shi ne tsakiyar littafin, inda matafiyan suka ratsa dajin Bargu da ƙasar Yauri da ta Ngaski.

Mai karatu na iya tambaya, me ya kawo littafin Turanci mai shekara kusan ɗari biyu cikin mujallar marubutanmu? Dalili shi ne, wani babban yanki na ƙasar da littafin ya siffanta yana ƙarƙashin ruwa. Tsakanin 1964 da 1968 aka gina madatsar Kainji, ruwa ya taru ya yi tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, tun daga bakin madatsar har zuwa wajen Yelwa. Mutane sama da 40,000 aka tayar aka sake wa matsuguni. Tsohuwar Busa ta nutse, duwatsun da jirgin Mungo Park ya halaka a kansu a 1806 sun nutse, haka nan tsibirai da yawa da gonakin bakin gaɓa. Ke nan waɗannan shafuka sun zama shaida a kan wurin da ba mai iya komawa ya duba da idonsa. Shaidar da ba ta da abokin gardama kuwa, ita ce ta fi bukatar a yi mata tambayoyi, kuma wannan aikin manazarci ne.

Kafin a shiga warwarar abin da ke ciki, ya kamata a san bakin wa ake saurare. Richard ba baƙon ƙasar Hausa ba ne. Shi ne yaron Kyaftin Clapperton, yana tare da shi har ya rasu a Sakkwato cikin watan Afrilu na 1827, ya kuma tsinci Hausa daidai gwargwado, har mutane suka laƙaba masa suna Nasara Ƙarami. John kuwa a gidan ɗab'i ya koyi aiki, ya sha karance-karance, kuma hannunsa ya fi na wansa faɗawa da alƙalami. A watan Nuwamba na 1830, can kudu kusa da ƙarshen tafiyar, aka far musu a kan ruwa, wani ɓangare na takardunsu ya salwanta. Da suka koma gida sai aka harhaɗa abin da ya rage na wannan da na wancan, wani hafsan sojan ruwa mai suna Becher ya daidaita zubin. Saboda haka “mu” ɗin da ke magana a littafin hannu uku ne. Mai karatu mai lura zai ji murya biyu suna karɓeɓeniya: ɗaya gajeriya mai lissafin zango da kuɗin guzuri da ciwon doki, ɗaya kuma mai son ƙawata zance da kwatanta kome da karkarar Ingila. A nawa ganin, duk inda littafin ya yi ƙarfi muryar farko ce ke magana, duk inda ya yi rauni ta biyu ce ta karɓe.

Mu ɗauki tafiyarsu daga Kayama zuwa Busa a farkon watan Yuni. Kwana da kwanaki suna cikin daji, ga zazzaɓi ya kada John har wansa ya fid da rai, ga dawaki sun jigata, ga kogin Oli a gabansu sai an ƙetare. Namun daji a wannan zango galibi ba a ganinsu ido da ido. Sawu ake gani a ƙasa, kuka ake ji da dare, sai kuma kufan garuruwan da yaƙi ya watse. Nan marubutan sun yi abin yabo, domin haka daji yake ga matafiyi na gaskiya. Wanda duk ya taɓa keta dawa ya san giwa ba ta fitowa ta tsaya a yi mata kallo. Reshen da ta karya da kashin da ta bari su ne ke ba da labarinta. Marubucin da bai san daji ba shi ke cika shafi da zaki a gindin kowace bishiya. Wannan dajin shi ne daga baya ya zama ɓangaren Bargu na gandun dajin Kainji, wanda aka haɗa da na Zugurma a shekarun 1970, faɗinsu duka ya haura murabba'in kilomita 5,000, aka kuma san shi da gwanki da kanki da mariya da mugun dawa, da dorinar da ke kwance a gurabun Oli.

To amma a cikin wannan zangon ne kuma babban aibin littafin ya fara bayyana, wato rashin suna. Tsuntsu a wurin John tsuntsu ne mai kyaun launi ko mai daɗin murya, itace kuwa dogo ne mai duhun ganye. Ba burtu, ba cilakowa, ba fakara. Ba a rarrabe maje da kirya, ko doka da marke. Alhali a ƙasar nan sunan itace shi ne taswirar matafiyi: inda ka ga giginya ta yi jeri ka san ruwa na kusa, inda ka ga ɗorawa da kaɗanya an bar su tsaye a sarari ka san gona ce ko tsohon kufai. Da suka isa wani gari mai suna Kubli a gindin dutse, sai suka raɗa wa dutsen sunan yankinsu na Cornwall, sai ka ce mutanen da suka yi shekara aru-aru a gindinsa ba su taɓa kiransa da kome ba. Wanda ba ya tambayar sunan abu, ya kuma ɗauko nasa ya liƙa masa, ai ya nuna maka irin kallon da yake yi wa ƙasar.

Abin takaicin shi ne, a cikin ayarin akwai wanda ya san waɗannan sunaye. Wani dattijo ne Bagobiri, sunansa na yanka Abubakar, Turawa na kiransa Pasko. An sayar da shi bawa, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi a teku, ya yi aiki a jirgi, ya raka Clapperton har Sakkwato, ga shi kuma ya sake biyo waɗannan samari. Shi ne tafinta, shi ake aika fada, shi ke saɓa bindiga ya harbo musu zabin daji in tukunya ta bushe. Rabin abin da littafin ya “ji” ta kunnensa ya biyo. Amma marubutan sun fi son su fito da shi a matsayin abin dariya, tsoho mai rigimar mata. Mu kwatanta da Dorugu, yaron nan mutumin Damagaram da ya bi Barth zuwa Turai: da Schön ya zaunar da shi ya rubuta labarinsa daga bakinsa da Hausa, aka buga cikin Magana Hausa a 1885, sai ga shi har gobe muna karanta yadda Bahaushe ya ga hanya da idonsa. Da an yi wa Pasko irin wannan gata, da yau muna da labarin hanyar Yauri ta 1830 cikin harshenmu.

Shafukan da suka fi kowanne armashi su ne na hawan kogi daga Busa, a ƙarshen watan Yuni. Farkon damina ne, ruwa ya ja baya, duwatsu da yashi sun fito, kogin ya rarrabu gida-gida yana kewaye tsibirai, matuƙa suna shiga ruwa suna jan jirgi da hannu inda ya ƙi wucewa. Ƙauyuka kuwa ga su nan birjik a gaɓa da kan tsibirai, ga gonaki, ga shanu, ga masu kamun kifi. Wanda ya san wannan wuri a matsayin shimfiɗaɗɗen tafki, in ya karanta sai tsigar jikinsa ta tashi. Sai dai matafiyi fuska ɗaya yake gani. Kwara a wannan yanki cika biyu take yi a shekara: farin ruwa, wanda ruwan daminar nan kusa ke kawowa da laka a cikinsa, da baƙin ruwa, wanda ke tasowa tun daga tsaunukan Gini ya yi watanni a hanya, ya tace, ya iso da sanyin hunturu. A kan wannan hawa da sauka Gungawa suka gina nomansu na albasa da shinkafa, a kansa masunta suka san lokacin kowane kifi. Mutum biyun nan sun ga ƙarancin ruwa, daga baya sun ga cikarsa, amma tsarin da ke tsakani, wanda shi ne rayuwar mutanen, ya wuce su.

Mutanen ma sai suka tara su a ƙarƙashin suna guda, Kambari, duk da cewa a bakin wannan ruwa akwai Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Reshe, akwai Lopawa, akwai Larawa, akwai Sarkawa, kowa da harshensa ko sana'arsa. Akwai wuri guda da ya dace a tsaya a kansa. Sun siffanta wasu 'yan ƙananan ɗakunan kwana da aka ɗora bisa ginshiƙai, ƙofar 'yar mitsitsiya, suka kuma faɗi cewa an yi su haka ne don tsari daga damshin ƙasa da macizai da kada mai yawon dare. Siffantawar ta fita sarai, ba ta da makusa. Amma a wannan babin ne kuma suka yi ta jin tausayin mutanen a matsayin matalauta abin zalunta. Zaluncin na nan, ba su ƙaga shi ba. Abin da ba su hango ba shi ne, ɗakin nan ilmi ne. Wanda ya gina shi ya san tsawon da kada ke iya miƙawa, ya san sa'ar da yake fitowa, ya zauna da shi maƙwabci tun kaka da kakanni. Sun ga hikimar da idonsu, sun rubuta ta da hannunsu, amma suka kira ta talauci.

Daga nan sai Birnin Yauri, inda suka yi kusan mako biyar, daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Agusta. Sun zo neman takardun Mungo Park, waɗanda aka ce suna hannun Sarki. Ba su samu ba. Sun ba da labarin birni mai girma, sun ƙiyasta kewayen ganuwarsa da mil 20 zuwa 30, lissafin da in an yarda da shi ganuwar ta ɗara ta Kano. Sun ambaci albarushi da sirdi da tufafin da ake yi a garin, da shinkafa da albasa da alkama da baba da taba. Masana tarihi sun daɗe suna ɗiba daga wannan babi, amma ya kamata a tuna cewa mafi yawan kwanakin a cikin masauki suka yi su, suna fama da zafi da ƙunci, abin da suka ji ya fi abin da suka gani yawa. Birnin da suka siffanta kuwa bai daɗe a haka ba. Yaƙe-yaƙen gida sun cinye shi, har sarauta ta koma Yelwa a ƙarshen ƙarnin, zamanin Sarki Abdullahi Abarshi.

Dabbar da ta fi kowace fitowa fili a duk wannan ɓangare ba a daji suka gan ta ba, a fada take. Jimina ce. Labarin kamar yadda suka bayar shi ne, Sarki yana ta jan ƙafa wajen sallamarsu, ga kuma bashin kayan da ya saya a hannunsu. Sai ya aiko musu da gashin jimina da aka fige daga jikin mai rai, don a kai wa Sarkin Ingila. Ya ce gashin bai isa kyautar sarki ba, sai su dakata wani ya tsiro. Ya kuma ce man shanun da ake shafa wa tsuntsuwar don gashin ya yi saurin fitowa za a cire kuɗinsa daga bashin. Sun rubuta wannan da gwaninta, kuma ko shakka babu mai karatu a Landan ya yi dariya har da hawaye. Ni ma ban ce ba abin dariya a ciki ba. Zancen kuɗin man shanun ya yi kama da na Gizo.

Sai dai mu karanta shi da idon gida. Jimina ba tsuntsuwar kowa ba ce. A fadojin ƙasar Hausa gashinta kayan sarauta ne, da shi ake mafici da takalmin sarki, kuma kyautarsa daga sarki zuwa sarki magana ce ta girmamawa tsakanin tsara da tsara. Sa'an nan mu duba halin da mai kyautar ke ciki. Yauri tana zaman amana da Gwandu, tana lallaɓawa kada a taka ta. Ƙasar Nufe a kudu tana cikin yaƙin basasa. Ga kuma tsohon zargi: Amadi Fatuma, jagoran da ya rabu da Park a Yauri zamanin Sarki Albishir Ɗan Ayi, ya ba da labarin da ya ɗora wa fadar Yauri alhakin abin da ya faru a Busa. To yau ga Nasara biyu sun zo suna tambayar takardun mamacin. Wane sarki ne zai sallame su da gaggawa kafin ya san abin da ke cikin cikinsu? Kuma akwai abin da ke ciki, domin su da kansu sun faɗa a littafin cewa sun ɓoye ainihin nufinsu na bin kogi zuwa teku, suna nuna Barno suka dosa. Ashe ke nan wayo ne ya gamu da wayo, kowa yana jan lokaci da irin dabararsa, amma da yake alƙalami a hannun ɗaya yake, sai nasa ya zama hikima, na ɗayan ya zama yaudara. Gashin jimina hanya ce ta tsare baƙo ba tare da an ce masa an tsare shi ba. Marubuci Bahaushe da ya san fada zai fitar da wasan kwaikwayo sukutum daga wannan shafi guda, kuma Sarkin ne zai zama tauraro.

A kan hanyarsu ta komawa Busa sun ratsa ta kasuwar Wara, wadda suka ce ita ce babbar kasuwar ƙasar Ngaski, mutane na zuwa mata daga nesa ta ruwa da ta tudu. Sun kuma ji cewa Ngaski ƙasa ce da ta taɓa cin gashin kanta kafin ta koma ƙarƙashin Yauri. Wannan ita ce daular Maginga, wadda Farfesa Mahdi Adamu, ɗan ƙasar, ya bi diddigin tarihinta tare da na Yauri tun daga binciken da ya yi a Jami'ar Ahmadu Bello a 1968. Abin da suka faɗa a layi biyu, shi ya ba shi shekaru. Wara na nan, ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski a jihar Kabi, kuma har yanzu ruwa ne babbar hanyar mutanen ƙetare zuwa gare ta. A ƙarshen watan Mayu na 2021 wani jirgi da ya taso daga ɓangaren jihar Neja ya nutse kusa da garin da mutane fiye da 150, kaɗan ne suka tsira. Cikin dalilan da ake yawan ambata na haɗarin jirage a wannan tafki, bayan lodi fiye da kima, akwai kututturan itatuwan da ruwa ya shanye a 1968. Irin itatuwan nan ke nan masu duhun ganye da John ya yaba bai tambayi sunansu ba. Shanga kuwa, da ke arewa da Yauri, ƙafarsu ba ta taka ba. Harshen Shangawa ɗan'uwan na Busawa ne da na Kyangawa, kuma yawancin masu shi sun koma Hausa. Duk sunan kifi da na tsuntsu da ke cikinsa yana tafiya tare da shi.

Yanzu bari mu juyo da madubin gida, don bai kamata mu tsaya ga ɗora wa baƙi laifi ba. Cikin littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, guda uku suna da jijiya a wannan shiyya. Abubakar Imam da wansa Malam Bello 'yan Kagara ne. Ruwan Bagaja daga Kwantagora ya tashi, Ganɗoki ya buɗe da yaƙin Kwantagora da Nasara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ma daga wani gari Kagara ya faro. Kwantagora kuwa maƙwabciyar Yauri ce. Duka ukun labaran tafiya ne, tafiya mai nisa ma. Amma a duba yadda hanya take a cikinsu. Galibi rata ce tsakanin gari da gari, ana tsallake ta da salon tatsuniya na “aka yi ta tafiya, aka yi ta tafiya”, sai a faɗa wani gari inda mutane suke, a ci gaba da barkwanci ko faɗa. Daji wurin aljanu ne da 'yan fashi. Dabba in ta fito, ko dai ta yi magana kamar aku a Magana Jari Ce, ko ta zama abin gwada jaruntaka. Ba ina rage wa waɗannan magabata daraja ba ne. Abin da suka sa gaba daban ne, kuma sun cim masa. Imam ya san halittu, shaida ita ce Ikon Allah da suka haɗa da East. Sai dai tun daga nan aka raba gari: dabba ta gaskiya ta tafi littafin makaranta, dabbar tatsuniya ta zauna a littafin hira.

Da muka zo rubuta labarin tafiya na haƙiƙa kuma, sai idonmu ya tafi waje. Tafiya Mabuɗin Ilmi na Imam, 1944, labarin zuwa Ingila ne. Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano shi ma Turai ya duba. Wato mun koyi yi wa ƙasar wasu kallon tsanaki, tamu kuwa mun ɗauka sananniya ce ba ta bukatar a faɗa. Littattafan soyayyar da suka cika kasuwa tun daga tsakiyar shekarun 1980 sun gaji wannan hali: saurayi zai tashi daga Kano zuwa Sakkwato cikin jimla guda, hanya ba ta samun sakin layi sai in marubuci yana bukatar haɗarin mota. Abin kunya ne a ce cikin waɗanda suka fi ba dajin Arewa haƙƙinsa a ƙagaggen labari akwai Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna, a Burning Grass na 1962, kuma da Turanci. Sirrinsa ba wani abu ba ne, ya yi aikin gandun daji kafin ya zama marubuci, ya taka ƙasar da ƙafarsa. Ilmin kuwa yana nan a harshenmu, a bakin maharba da masunta da makiyaya, a kirarin dabbobi da karin magana. Takarda ce bai hau ba.

Wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Jega ta ratsa Koko da ƙasar Shanga ta faɗa Yelwa, ta wuce Kwantagora, ba zai ga abin da 'yan Lander suka ji kukansa ba. Abin da zai gani ya fi ƙanƙanta, amma ba shi da ƙarancin labari: shamuwa a kan kuka da faɗuwar ruwan farko, balbela a bayan garke, jan biri ya gilma ya shige dawa, yaro a bakin titi ya ɗaga zabo ko damo yana neman mai saye, buhunan gawayi jere a inda da kurmi ne, ƙamshin kifi banda da warin albasa tun kafin a shiga gari. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana faɗin abin da ya sami ƙasar. Buhun gawayi da zabon da ke hannun yaro labari guda suke bayarwa.

Misali mafi kusa shi ne na dorinar Yauri. A watan Satumba na 2024 dorina ta kashe wani mutum a bakin ruwa, hankalin gari ya tashi, manoman fadama da masunta suka ji tsoron fita. Bayan 'yan makonni, cikin Oktoba, aka yi mata taron dangi da jirage da zago aka kashe ta, aka raba nama, labari ya kai har gidajen rediyon ƙasashen waje. Yadda aka bayar da shi bai bambanta da salon John Lander ba: ga dodo, ga jarumai, ga murna. Ba mai ganin laifin wanda aka kashe wa ɗan'uwa in ya yi murna. Amma tambayoyin da ke sa labari ya zama adabi suna nan ba a taɓa su ba. Dorina da dare take hawa tudu ta yi kiwo, to ina za ta sa baki in burgun bakin gaɓa ya koma gonar shinkafa? Me ya rage na ilmin Sarkawa, waɗanda farautar dorina gadonsu ce mai sharuɗɗa da tsarin shugabanci, irin wadda Jean Rouch ya ɗauka a fim wurin 'yan'uwansu Sorko na ƙasar Nijar tun a shekarun 1940? Yaya gari yake ji, wanda bikinsa na Rigata ake danganta asalinsa da artabu da namun ruwa, a zamanin da masana suka sa dorina cikin jerin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu tun 2006? Manomi da gaskiyarsa, masunci da tasa, dorina ma da yunwarta. Ga jigo, ga taurari, ga rikici, duk a kwance.

Littafin 'yan Lander ba shi da wuyar samu. A 1965, daidai lokacin da ake zuba kankaren Kainji, Robin Hallett ya fitar da taƙaitaccen bugu a juzu'i guda. Shawarata ga ƙungiya ita ce a fassara babobin Kayama zuwa Busa, da Busa zuwa Yauri, da komawa ta Wara, ba sai an ɗauki littafin duka ba. Mai fassara zai fara da mayar wa wurare sunansu, domin Turawan sun rubuta su yadda kunnensu ya ji: Yaoorie ta koma Yauri, Engarski ta koma Ngaski, Warree ta koma Wara, Cumbrie su koma Kambari, a kuma nuna inda ake nufin Gungawa. Waɗannan masu sauƙi ne. Akwai ƙauyuka da tsibirai da mashigai da ba za a same su a kowace taswira ta yau ba, akwai kuma tsuntsaye da itatuwan da sai an karanta wa wanda ya san wurin siffarsu kafin ya ce ai wane ne. Masu wannan sani suna garuruwan da aka sake wa matsuguni a gaɓar tafkin, daga Wara har Yelwa. Wanda yake ɗan shekara goma sa'ad da ruwa ya taso a 1968, yau ya doshi saba'in.